Aikin Dare a Ɗaki na Bakwai

Ƙarfe tara na karɓi makullai daga hannun Sheeba.
Ta ce, "Gado na huɗu bai ci ba, na tara ya samu barci,
Velayudhan yana bakin taga tun la'asar."
Ruwan Kozhikode na dukan kwanon rufi
kamar mai bin bashin da ya gaji da jin "gobe".

Velayudhan masunci ne, shekara talatin a bayan teku.
Yanzu tekun ne ya biyo shi har nan:
ƙanensa da ruwa ya ci yana kiransa ta bakin famfo.
Da a shekarata ta farko ce, sai in ce masa, "Ai babu kowa."
Na bar wannan. Musu ba ya kashe murya,
ni zai mayar bare, ita ta zama 'yar gida.
Ban kuma ce na ji ba, ƙarya ba ta cikin magungunanmu.
Na jawo kujera, na bar taku biyu tsakaninmu,
ban tare masa ƙofa ba, shi ma bai tare mini ba.
Na ce, "Ni ban ji shi ba. Na dai ga ya hana ka zama.
Me yake cewa yau?"

Ya daɗe. Na ƙirga ɗigon ruwa a bokiti har lissafi ya ɓace mini.
Malama Thankamma ta sha faɗa mana a aji:
"Shiru ma kayan aiki ne, kada ku yi saurin cika shi."
Can ya ce, "Yana tambaya ko na gyara komar."
"Ka gyara?"
Ya dubi tafin hannunsa. "Rabi."

Ƙwaya biyu na kawo, fara da ruwan ɗorawa.
Na faɗi sunansu, na faɗi bushewar bakin da ke biyo su.
Jiya ya ƙi, ban dama masa su a shayi ba.
Yau ya juya su a hannu kamar mai cinikin kifi,
sannan ya haɗiye.

Gado na huɗu Remya ce, ɗalibar lissafi.
Duk minti goma sha biyar ina leƙa ta.
Gyalenta da igiyar takalminta suna akwatina,
na rubuta su, na ce mata ajiya ce, ba ƙwace ba.
Na tambaye ta kai tsaye, don tambaya ba ta shuka abin da babu:
"Tunanin kashe kanki ya dawo?"
Ta gyaɗa kai.
"Cikin goma, nawa?"
Ta ɗaga yatsu shida. Jiya takwas ne.
Mahaifiyarta ta gaya wa maƙwabta wai tana Mysuru wajen gwaggo.
A benen ƙasa, mai karayar ƙafa ayaba ta yi masa yawa;
nan sama, kujerar baƙi ƙura take sha.

Ƙarfe huɗu na sha shayi a kan matakala.
Kofin na rawa a hannuna, na lura da shi,
zan gaya wa Sheeba, ita ma takan gaya mini nata.
Tulun da ake ɗiba kullum, wani ya kamata ya leƙa cikinsa.

Na buɗe fayil. Abin da ido ya gani nake rubutawa,
zato na bar shi a aljihu.
Kalmar nan da yara ke jifa da ita a titi
ba ta da layi a takardata.

Asuba ta zo da kiran salla daga bakin kasuwa,
ƙararrawar coci ta bi bayansa, ruwan ya tsagaita.
Velayudhan ya tsaya bakin teburina, ido duk barci.
"Akwai zare?"
Zare ba ya kwana a ɗakin nan, ya sani, na sani.
Na rubuta a ƙasan shafi, na ja layi:
Ya nemi zare. A ba shi da hantsi.
A zauna kusa da shi.